Ƙafar Mama da Ƙahon Barewa

Kullum da safe, kafin in zauna a kan keken ɗinki, sai na wanke ƙafar Mama. In dafa ruwa, in jefa gishiri, in jira ya huce, in sa safar hannu, sannan in kwance bandejin jiya a hankali, don yakan manne da nama. Wari ke fara fitowa. Da farko nakan riƙe numfashi har idona ya kawo ruwa, amma yanzu hancina ya haƙura, har shayi nakan sha a ɗakin.

Ciwon suga ne ya jawo mana. Ƙusa ta taka a tsakar gida, ba ta ma ji ba, don ƙafar ta daɗe da daina jin komai. Ni na ga jini a silifas ɗinta. Abin da bai kai ƙwayar wake ba ya buɗe baki ya zama gyambo, ya ci tafin ƙafar, ya baƙanta yatsu biyu. Mun yi sintirin asibiti har masu gadin ƙofa suka fara tambayarmu ya mai jiki. Daga ƙarshe likitan ƙashi, wani dogo mai maganar mutanen da barci bai ishe su ba, ya ce a cire gaban ƙafar a bar mata diddige. Ya ce za ta taka da takalmi na musamman. Ya kuma ce idan aka tsaya jira, ciwon hawa zai yi, ba sauka ba.

Mama ta ce babu mai taɓa ta. Wai tana jiran maganin Auta.

Auta ƙanena ne, mu biyu kaɗai ke gare ta. Ni na tsaya a allura da zare, shi ya bi boko har ƙarshensa, ya samu aiki a wata cibiyar bincike a bayan gari. A can suke kiwon wata irin barewa wadda ƙahon namijin ke yin rassa kamar busasshiyar bishiya. Abin da ya ɗauke wa Auta hankali shi ne, kowace shekara ƙahon nan faɗuwa yake yi da kansa, ya bar ɗanyen ciwo a ka. Ciwon ya rufe da sauri, ba ruɓa, ba wani tabon kirki, sai kuma sabon ƙaho ya tsiro a wurin da sabuwar fata a jikinsa. Su Auta suna neman sanin abin da ke cikin naman wurin da ke sa haka, ko Allah zai sa a samo abin da zai rufe ciwon mutane.

Ni ban koyi wannan karatu daga bakin Auta ba. Daga Mama na koya, don ta haddace shi tsaf, duk wanda ya zo dubiya sai ta biya masa. Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta ji shi ya fi a ƙirga, har takan riga Mama ƙarasa jimla.

"Ƙaho guda fa, 'yar nan, ya faɗi ya sake fitowa," in ji Mama. "To bare ɗan ramin nan da ke ƙafata?"

Kowace yamma Auta zai kira, Mama ta sa in ƙara muryar wayar don kunnenta ya yi nauyi. Saboda haka ina ɗinki ina jin su.

"Auta, ya barewarmu?"

"Lafiya lau, Mama. Muna ganin alamu masu kyau."

"Ya kusa ke nan?"

"To, ana samun ci gaba. Akwai sauran abubuwan da za mu duba, amma abin yana ba da ƙwarin gwiwa."

Sai Mama ta juyo ta kalle ni, irin kallon nan na kin dai ji da kunnenki. Ni kuwa in ƙara taka keken da ƙarfi. Ranar hutunsa yakan zo da hantsi, lokacin na riga na gama wanke ciwon na naɗe ƙafar da farin bandeji, na turare ɗakin. Ya zauna a bakin gado, ya tambayi awon suga, ya duba kwalayen magani, ya gyara mata matashi. Ƙafar kuwa sai dai ya kalle ta a naɗe. Ban taɓa ce masa ya buɗe ba, shi ma bai taɓa nema ba. Ɗan auta ne, tun yana ƙarami mun saba kawar masa da abin da ba shi da daɗin gani.

Ranar da muka koma asibiti likitan ya danna ƙwaurin Mama da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Jan ciwon ya wuce idon sawu. Kwana biyu ke nan tana zazzaɓi, abinci sai ta taɓa ta ture. Ya ja ni waje, ya jingina da bango kamar shi ne majinyacin.

"Maganar gaban ƙafa ta wuce," ya ce. "Yanzu ƙasan gwiwa muke magana. Idan ya shiga jini kuma, ba ƙafa za mu riƙa magana a kai ba. Ni ba zan iya yi mata aiki ba sai ta yarda, hankalinta garau yake. Wa take jin maganarsa?"

Na san wa take ji. Ba ni ba ce, ni da nake kwashe fo.

Washegari na bar ta a hannun maƙwabciya, na rufe keke da zane, na hau mota zuwa bayan gari. Ban taɓa zuwa wurin aikinsa ba. A raina na zana wani gini mai ƙyalli, mutane cikin fararen kaya suna tafiya a hankali. Abin da na tarar doguwar katangar waya ce, da warin fitsarin dabbobi, da wani ɗan gini mai fenti yana ɓarewa. Mai ba dabbobin abinci ya nuna mini can ƙarshen garke da haɓarsa, bai ajiye buhun da ke kafaɗarsa ba.

Auta yana tsugune a bayan shinge da takalmin roba har gwiwa. Daga sama na hango tsakiyar kansa, na ga furfura. Ban san yaushe ta fito masa ba. Da ya ɗago ya gan ni sai ya miƙe da sauri har ya buge gwiwar hannu da ƙarfe.

"Yaya! Lafiya? Mama ce?"

"Tana nan da ranta. Na zo in ga maganin da ake jira."

Da yake bai san abin da zai yi da ni ba, sai ya yi abin da ya iya, ya shiga nuna mini dabbobi. Ga wani babban namiji can gefe, ƙahonsa ɗaya ya faɗi da asuba, ɗayan yana nan, yana tafiya kai a karkace kamar mai ɗauke da tulu a gefe guda. Inda ƙahon ya fita ciwo ne ja, zagayayye, faɗinsa ya kai bakin kofi, jini ya gangaro ya bushe a gefen ido. Dabbar tana tuƙar ciyawa abinta. Ga wani kuma da nasa suka riga suka faɗi kwanakin baya. Wurin ya rufe ruf, wasu ƙulli biyu sun kumburo, fatarsu mai laushin gashi kamar yadin karan-miski. Auta ya ce idan na taɓa zan ji ɗumi, don jini ne ke gudu a ciki.

Na tsaya ina kallon kan dabbar nan. Babu mai dafa mata ruwa, babu mai jefa gishiri, ƙuda na sauka suna tashi, amma ga shi ya rufe. Wallahi kishi na ji, kishin dabba. Watanni nawa ina durƙuso a gaban ƙafa ɗaya, kullum ramin sai ƙara faɗi yake yi.

Daga nan ya kai ni wani ɗaki mai sanyi, kejin ɓeraye jere a kan kanta. An aske musu baya, kowanne da ɗan ciwo zagayayye. Ya nuna mini waɗanda aka shafa wa abin da suke tacewa daga naman gindin ƙaho, da waɗanda ba a shafa wa ba. Ko ni da ban yi karatu ba na ga bambanci. Na farkon sun fi rufewa, har gashi ya fara dawowa. Yana bayani muryarsa tana tashi, idonsa yana haske, na tuna shi yana yaro yana nuna mini motar da ya ƙera da gwangwani.

"To madalla," na ce. "Ɓera ya warke. Yaushe za a zo kan Mama?"

Hasken ya mutu. Ya jawo kujera ya ba ni, shi ya zauna a kan wani akwati.

"Yaya, tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya. Ba mu ma gama gane wane sinadari ne ke aikin ba. Sai an gane, a gwada a manyan dabbobi, a tabbatar ba ya cutarwa, sannan a nemi izinin gwadawa a mutane. Kuma waɗannan ciwo ne mai tsabta, mu muka yi shi. Na Mama daban ne, jini ba ya isa wurin."

"Shekara nawa?"

"Ban sani ba. Da yawa. Ƙila in yi ritaya ban gani ba."

"Ka gaya mata haka?"

"Ni fa ban taɓa ce mata zai warkar da ita ba."

"Ka taɓa ce mata ba zai warkar da ita ba?"

Ya murza fuska da tafin hannu. "Ba haka muke magana ba, Yaya. A aikin nan mutum ba ya cewa tabbas, ba ya cewa sam. Abin da ka gani kake faɗa, ka tsaya a nan. Alamu masu kyau ne, gaskiya na faɗa mata. Tun ina ɗalibi ake horar da ni a kan haka, idan na ce abu ba zai yiwu ba sai a ce ina hujjarka. Har bakina ya saba."

"Bakinka ya saba, ƙafarta na ruɓewa. Kai kana magana da malamanka, ita tana jin ɗanta. Duk ranar da ka ce ana samun ci gaba, sai ta ƙara kwana. A da gaban ƙafa za a cire, Auta. Yanzu likita ya ce ƙasan gwiwa."

Ya ɗago ya kalle ni. Ashe bai sani ba. Mama ba ta gaya masa ba, ni kuma fushi ya hana ni ɗaga waya. Na so in ci gaba da zazzaga masa, na taho da maganganu cike da ciki tun daga gida, amma da na ga yadda kafaɗunsa suka zube sai na ji duk na gaji. Ɓerayen suna ta ƙwaƙular katako a bayanmu.

"Gobe ka zo da sassafe," na ce. "Kafin in naɗe."

Ya zo tun ruwa bai tafasa ba. Mama ta gan shi ta washe baki, ta hau gyara ɗankwali, tana faɗan me ya sa ban gaya mata ba ta sa a yi masa abin karyawa. Na ajiye kwanon ruwan a gabansa, na miƙa masa safar hannu.

"A'a, ke 'yar nan, meye haka?" in ji Mama. "Bar shi, kar ya ɓata kayansa. Auta, fita ka sha iska har ta gama."

"Bari in gani, Mama," ya ce.

Ya durƙusa. Gaskiya hannunsa ya fi nawa iya aiki, ya jiƙa bandejin sosai kafin ya ja, ko motsi Mama ba ta yi ba. Da layin ƙarshe ya fita, warin ya cika ɗakin, amma bai kawar da kai ba. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa bayan ƙafar yana neman bugun jini, ya matsa sama, ya ƙara matsawa sama. Ya bi jan da yatsa har inda ya tsaya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kallon ciwo ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ya wanke shi tas, ya share mugunyar, ya naɗe, ya cire safar.

Mama tana kallon tsakiyar kansa. "Ya ka gani? Irin wanda maganinku ke rufewa ne, ko?"

"Mama, akwai yiwuwar..." Ya tsaya. Na ga leɓensa na neman hanyar da suka saba bi. Na juya na kalli taga, don idan ya sake cewa alamu ban san abin da zan yi da kwanon nan ba.

"Babu magani, Mama," ya ce. Muryar kamar ba tasa ba. "Ba mu da shi. Abin da muke yi ba zai riski ƙafar nan ba, ko kusa. Ki bari su yi aikin. Idan ba a yi ba, rasa ki za mu yi."

Mama ta kalle shi, ta kalle ni, kamar tana neman wanda ya kitsa abin.

"Amma kai ka ce ana samun ci gaba."

"Ana samu. A ɓera."

"Ɓera," ta maimaita a hankali. Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Duk unguwar nan na gaya musu. Na ce ɗana zai kawo."

"Na sani, Mama."

"Har likitan na gaya wa. Na ce ya ajiye wuƙarsa."

Ta juya fuska bango. Auta ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon, ni na kwashi kwano na fita na zubar, na wanke, na kife. Na daɗe a tsaye a bakin famfo. Ba na jin daɗin na yi nasara, ba na jin tausayi ma sosai, bayana kawai ke ciwo. Da na dawo na tarar hannunta a kan kansa, fuskarta har yanzu a bango.

"Ki kira likitan," ta ce da ni, ba ta juyo ba.

An kwantar da ita a ranar, aka ɗaura ruwa da allurai don zazzaɓin ya sauka. Ɗakin mata ne mai gado jere, kowace da nata, ga fanka ɗaya tana juyawa kamar an tilasta mata. Da safen da za a shiga da ita likitan ya zo da alƙalami mai kauri, ya ɗaga zanen, ya ja layi a ƙasan gwiwa. Na kalli layin, na kalli inda ya taɓa nuna mana da farko, can kusa da yatsu. Tsakaninsu ya kusa tsawon hannun riga. Auta ma wurin yake kallo.

Nas ta ce a shirya, masu tura gado suna hanya. Na cire wa Mama 'yan kunne da zobe na ƙulle a bakin mayafina. Tun jiya ba ta yi magana mai tsawo ba, sai ga shi ta ɗaga kai tana leƙen ƙafar, inda yatsu uku masu rai suka leƙo ta ƙarshen bandeji.

"Kai, dubi farcen nan," ta ce. "Haka za a kai ta gaban mutane? Ke 'yar nan, ba ki da abin yanke farce a jakarki?"

"Mama, ai yanzu za a..."

"Na san abin da za a yi. Tawa ce har yanzu. Shekara nawa tana ɗauke da ni, ba za ta tafi kamar marar gata ba."

Na zazzage jaka, tsakanin zare da maɓallai na samo ɗan almakashina na ɗinki. Na matso zan fara. Auta ya karɓa. Ya jawo kujera ƙarshen gadon, ya ɗora ƙafar a kan cinyarsa, a kan wandonsa mai kyau, ya tallabi ƙaramin yatsan.

Masu turawa suka iso da gadonsu yana ƙara. Ɗayan ya buɗe baki zai ce a yi sauri, nas ɗin ta ɗaga masa hannu. Suka tsaya.

"A hankali, Auta," in ji Mama, ta mayar da kai kan matashi ta rufe ido. "Kar ka yanke ni."

Ya sunkuya sosai, don ƙwalla ta hana idonsa gani da kyau a lokacin, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har ya gama.